Aron Kunne

Asabar, 5 ga Maris, 1983

Kayan Malam sun iso daga Kaduna yau, a bayan motar da ta kai albasa ta dawo wayam. Masaƙar da yake gyara wa wutar injina ta rage ma'aikata, sunansa na ciki. Tun aurenmu shi yana can, ni ina nan Bodinga ina koyarwa a firamare, sai hutu ke haɗa mu. Yanzu ga shi ya dawo gaba ɗaya.

Na zaci katifa da kujeru za a fara saukewa. Ina! Kwalayen faifan waƙa ne, sai na'urar juya faifan an naɗe ta cikin bargonsa kamar jinjiri, sai lasifika biyu da suka fi ɗiyarmu Mairo tsawo, sai wani akwati mai fuskar azurfa da yake kira amfilifaya. Inna, mahaifiyarsa, ta tsaya bakin zaure ta ce, "Wanga kaya duka, akwai na ci ciki?" Ko juyowa bai yi ba.

Allah ya sa dawowar ta zama alheri. Ina murna. Ina kuma jin tsoro kaɗan, ban san na mene ne ba.

Laraba, 9 ga Maris

Amfilifayan ya sha girgiza a hanya, lasifikar hagu kaɗai ke magana. Ya baje cikinsa a kan tabarmar da nake duba littattafan yara.

Lahadi, 20 ga Maris

Don dai a yi magana, na tambaye shi me ya lalace. Sai fuskarsa ta washe. Ya ce muryar da allura ke tsintowa daga faifai siririya ce ƙwarai, kamar ta sauro. Akwai wani ɗan sashe a ciki, fono sunansa, shi ke ɗaga ta ya mayar mata da kaurinta, sannan babban ya tura ta lasifika. Wannan fonon ne ya mutu gefe guda. Kayan gyara kuma sun yi wuya tun da aka tsuke shigo da kaya.

Ita ce magana mafi tsawo da ya yi mini tun dawowarsa. Da ya juya ga aikinsa na ce, "To yanzu yaya za a yi?" Shiru. Na sake. Shiru. Na tashi na koma madafa.

Juma'a, 8 ga Afrilu

Albashi bai zo ba, wata na biyu. Wannan ba shi ke cina ba.

Na ce masa gishiri ya ƙare, ya fita ya dawo hannu wayam. Mairo ta bi shi tana kiran "Baba, Baba" har zaure, bai waiwaya ba, ta dawo da hawaye. Amma Sama'ila, abokinsa mai tasi, na yin sallama da wannan muryar tasa kamar ganga, sai hira da dariya har la'asar. Mu ne ba a ji. Wataƙila ya saba da zaman kaɗaici a Kaduna, mun zame masa hayaniya. Wataƙila kunyar rashin aiki ce. Wataƙila ni ce.

Asabar, 16 ga Afrilu

Ya je Shagari ya aro amfilifayan Alhaji Sodangi, tsohon magatakardan kotu, aminin marigayi babansa. Wani tsohon abu mai nauyi, sai da mutum biyu suka ciccibo shi. A samansa akwai kwalabe, in aka kunna sai su yi ja kamar garwashi. A cikin zafin nan na bazara! Ɗakin ya zama tanda.

Ina tankaɗe na ji ya sa faifan wani mai goge. Wallahi sai da na leƙo, na zaci mutumin na zaune a tsakar gida. Sai dai akwai wani gunji a ƙarƙashin kiɗan, kamar ƙudan zuma cikin tulu. Malam ya saurara ya saurara, ya girgiza kai. Wai muryar a toshe take, kamar an lulluɓe ta da bargo. Ni ban ji toshewa ba. Amma wa ya tambaye ni?

Lahadi, 24 ga Afrilu

Amfilifaya na uku ya shigo gidan. Baƙi, sabo fil, na wani ɗan kwangila ne a Sakkwato da ayyuka suka tsaya masa yake neman mai saye. Sama'ila ya kawo a gwada. Shi ba shi da fono a cikinsa, sai an jona masa wani ɗan akwati daban. Da suka manta ba su jona ba, kiɗan ya fito kamar daga cikin rijiya. Da suka jona, awakin maƙwabta sai da suka firgita.

Malam ya murɗa maɓallin siririyar murya har ƙarshe. Ni ji nake kamar ana gugar tukunya da cokali a cikin kunnena. Shi kuwa ya ce, "Yauwa. Wanga ya ɗan buɗe." Sama'ila ya kalle shi, ya kalli ƙasa.

Talata, 3 ga Mayu

In an yi hutu zan ɗauki Mairo mu tafi gidanmu Sifawa. Mu ɗan daɗe.

Asabar, 14 ga Mayu

Dole in rubuta wannan.

Da hantsi yana gwada baƙin nan. Ban san me ya taɓa ba, sai wani fito ya tashi daga lasifika, siriri, mai tsini, ba ya yankewa, kamar ana soka allura a ƙwaƙwalwa. Mairo ta toshe kunnuwa ta fashe da kuka. Inna daga ɗakinta tana kiran a kashe. Na shigo da gudu, hannuna duk ƙullu.

Yana zaune a gaban lasifikar. Idonsa a lumshe, yana kaɗa ƙafa, yana bin kiɗan da murmushi. Bai ji komai ba. Fiton da ya tayar da gida duka, shi bai san ana yi ba.

Na tsaya a bayansa. Na miƙa hannu na kashe wutar daga bango, ɗakin ya yi tsit. Kafin ya juyo, ban san abin da ya shiga kaina ba, na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan nan. Na kira sunansa. A hankali, da muryata ta kullum, na ce, "Na'Allah."

Bai motsa ba. Yana ta duba waya, yana neman abin da ya katse kiɗan.

Na fita na zauna bayan rumbu na yi kuka. Ba raina ni yake ba. Ba Mairo ce ta ishe shi ba. Muryar Sama'ila mai kauri ce shi ya sa yake jin ta. Tamu ce ba ta kai masa.

Lahadi, 15 ga Mayu

Maganar Sifawa ta mutu.

Alhamis, 19 ga Mayu

Na jira Inna ta tafi barka, Mairo na wasa gidan maƙwabta. Na zauna a gabansa, ido da ido, yadda zai ga bakina. Na ce, "Malam, tun yaushe kunnen?"

Ya daɗe yana juya ƙarfen liƙa dalma a hannunsa. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ce, "Wa ya gaya miki?" Na ce ba kowa. Na ba shi labarin fiton.

Ya ce tun shekarun baya ne. Ɗakin saƙa injina ne jere, ƙara dare da rana, mutum sai ya yi ihu a kunnen na kusa da shi. Da farko in ya tashi aiki sai ya ji kukan gyare a kunnensa, zuwa safe ya tafi. Daga baya ya daina tafiya. Ya ce, "Faifan nan na san su awa tafin hannuna, Hasiya. Na san inda ƙararrawa ke shigowa. Ina jira ta shigo, ba ta shigowa. Sai in ce laifin amfilifaya ne."

Na ce, "Shi ya sa aka tara mana su uku?" Ya yi dariya, ta ƙare da share ido.

Ya roƙe ni kada Inna ta sani tukun. Wai ta riga ta ga ɗanta ya dawo ba aiki, kada a ƙara mata da kurma. Na ce ba kurma ba ne. Na ce ni dai daga yau zan riƙa zagayowa gabansa.

Litinin, 6 ga Yuni

Mun je asibiti a Sakkwato, Sama'ila ya kai mu. Likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, amma abin da ya rage zai zauna in ya guji ƙara mai ƙarfi. Na'urar taimakon ji kuwa babu ita yanzu, sai dai a jira. Kunnen dama ya fi na hagu.

A hanyar dawowa ya sayi mangwaro bai ci ba. Ni na gode Allah. Na je da tsoron za a ce yana kan hanyar rufewa duka.

Talata, 14 ga Yuni

Azumi. An lulluɓe kayan kiɗa da zane. Ya ce bayan Salla zai mayar wa kowa nasa, ya sayar da faifan. Mai gyaran sauti da ba ya jin sauti, in ji shi, abin dariya ne. Wata uku ina addu'ar kayan nan su bar gidan, yau an ce za su tafi kuma ba na son su tafi.

Asabar, 16 ga Yuli

An yi Salla lafiya. Ruwa ya yi jinkiri, geron ƙauyen Lambara duk ya lanƙwashe, jiya dai aka samu mai ɗan yawa.

Da safe ya fara ɗaure kwalaye. Na zagayo gabansa na ce ya dakata. Na ce hannu da ilimi nasa ne, ba su tafi ko'ina ba. Kunne ne babu, ni kuma ina da biyu, ba abin da nake da su sai jin ƙarar 'yan aji uku. In yana so in ara masa.

Ya ce, "Ke da ba ki son kiɗan?" Na ce ai ba so aka ce in yi ba, saurare aka ce.

Ya kwance igiyar.

Asabar, 30 ga Yuli

Yau muka yi gwajin gaske. Faifai guda, na wata mawaƙiya 'yar Sudan, waƙa guda, a kan kowane amfilifaya bi da bi. Ya ce in juya baya kada in ga wanda ya jona, don ido na ruɗin kunne. Duk maɓallai a tsakiya, ba ƙari ba ragi, murya daidai hira.

Matsalar, ban san kalmominsu ba. Da ya ce yaya na ji na farko, sai na ce kamar kunu da aka tsinka da ruwa, komai na nan amma ba jiki. Baƙin ne ashe, da ɗan akwatinsa. Na ce kuma in waƙar ta yi shiru akwai wani "shhh" a bayanta kamar ana soya albasa a gidan maƙwabta. Ya tashi zaune. Ya ce wannan daga ɗan akwatin fonon yake, ba daga babban ba, mai araha aka haɗa masa. Shi bai taɓa jin sa ba.

Na biyu, na Alhaji, na ce tuwo ne da man shanu. Matar har numfashinta ina ji kafin ta ɗauki baiti. Sai dai gunjin ƙudan zuman nan cikin tulu.

Nasa na azurfa, gefen da ke aiki, na ce fura ce da aka dama daidai. Ba daɗin na Alhaji, amma tsaf. Ya ji daɗin wannan har ya kasa ɓoyewa.

Duk abin da na faɗa sai ya maimaita, yana kallon bakina. Rabon da wani ya saurari maganata haka, ko a makaranta, na manta. Tuwon rana ya kama.

Alhamis, 4 ga Agusta

Garin ya cika da motocin 'yan siyasa da lasifikoki, jibi zaɓe. Wasu sun zo har zaure suna so Malam ya bi su yawon kamfen ya riƙa kula musu da na'ura. A halin da muke ciki ba ƙaramin abu ba ne. Ya shigo ya dube ni. Na nuna kunnena. Ya koma ya ce musu su kawo in ta lalace ya gyara a gida, amma ba zai zauna ƙarƙashin lasifika ba. Sun kawo biyu kafin magariba.

Lahadi, 11 ga Satumba

Inna ta sani. Ashe ta daɗe da sani. Ta ce mini, "Ɗiyata, ni na haihe shi. Tun da ya sauka mota na ga yana karkata kai awa zakara." Yanzu ita ma sai ta dafa kafaɗarsa kafin ta yi magana. Na koya wa Mairo ta tsaya ta damansa. Jiya ta ba shi labarin wata kaza tun daga ƙyanƙyasa har yanka, ya ji duka, ya yi tambayoyi.

Asabar, 8 ga Oktoba

Ya yanke shawarar haɗa fono nasa na kansa, tun da na saye babu. Ya tara matattun rediyo daga kasuwa yana cire musu 'yan hanji. Gidan abin kuwa gwangwanin madarar gari ne, wai ƙarfen na kare shi daga gunji. Da batir yake aiki, ba ruwansa da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa.

Na farko na ce ganga ta yi yawa, ta danne mai waƙa. Ya canja wani abu. Na biyu na ce yanzu mai waƙar ta kamu da mura. Ya canja. Na uku ya yi tsit gaba ɗaya, ashe waya ce ta tsinke, muka yi ta dariya har Inna ta leƙo.

Mutane sun fara kawo rediyo da rikoda. Shi ya gyara, ni in saurara in ce ya yi ko bai yi ba. Ba wanda ya san da ni a bayan labule. Ban damu ba. To, kaɗan.

Talata, 25 ga Oktoba

Ya yi! Gwangwanin madara a jikin baƙin amfilifayan nan. Ba suyar albasa, ba ƙudan zuma. Ya sa faifan Kwango mai jita, na juya baya, na ji ƙararrawar da yake ta nema, can ta dama, ƙil, ƙil, ƙil. Na ɗaga yatsa ina bugawa a iska duk sanda ta shigo. Ya bi yatsana da ido. Ya ce, "Nan take. Daidai nan take." Ya kama yatsan ya riƙe har waƙar ta ƙare.

Lahadi, 20 ga Nuwamba

Mun je Shagari mayar wa Alhaji Sodangi kayansa. Ni na shiga cikin gida wajen iyalinsa, su suna falo. Malam ya gano gunjin, wata waya ce a cikinsa ta saki tun shekaru, ya liƙe ta. Ya kuma kai gwangwanin a gwada.

Can sai aka aiko wai Alhaji na kirana. Na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi, "Ranka ya daɗe, mun same ku lafiya?" Ya ce, "Malama, mijinki ya ce ba ya yanke hukunci sai da ke. Ni na yi zaman kotu, na san darajar shaida. Ki saurara ki gaya muna, fonon cikin nawa ko na gwangwani?"

Kunya ta kama ni. Malam da bakinsa ya faɗa, a gaban mutane, har da zancen kunnen. Na juya baya, aka sa, aka sake sawa. Na ce, Allah ya ba Alhaji haƙuri, nasa ya fi zaƙi, amma na gwangwani ya fi gaskiya. Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce shi a shekarunsa zaƙi yake so, amma a haɗa wa ɗansa na gwangwani guda. Ya kuma ce akwai rumfar ƙanensa a kasuwa da ke zaune ba kowa, Malam ya je ya duba.

A mota Malam ya zauna ta hagu, ya ba ni kunnen dama. Mun yi hira daga Shagari har gida. Gero bai yi albarka ba bana, kowa kuka yake, mu kuma muna ta zancen fentin da za a shafa wa gwangwani.

Asabar, 31 ga Disamba

Soja sun karɓi mulki. Tun safe rediyo ba komai sai kiɗan soja da sanarwa. Maza sun taru a zaurenmu don rediyonmu ya fi kama tasha. Malam ya riƙa shigowa ina maimaita masa abin da aka ce. Sama'ila ya ce Shagari ta yi tsit kamar an yi rasuwa. Allah ya kawo mana sauƙi, ya sa a tuna da albashin malamai.

Laraba, 18 ga Janairu, 1984

Malam ya fara zama a rumfar. Da sassafe yake bin Sama'ila, ya dawo da la'asar da abin da ke buƙatar kunne. Ɗan kwangilar ya aiko an ɗauki baƙin. Na azurfa ya rage, an jona masa gwangwani, lasifika biyu duk suna magana.

Yau an tashe mu makaranta da wuri. Gidan shiru, Mairo ta tafi allo. Na shiga ɗauko jan biro ne kawai. Sai na ga ƙura a kan murfin, na goge. Tun da na goge sai na ce bari in tabbatar batirin gwangwanin bai yi sanyi ba. Na zaro faifan 'yar Sudan, na riƙe shi ta gefe yadda yake yi, na sauke allura.

Ban ji shigowar Inna ba. Sai gani na yi tana tsaye da ƙwarya a hannu. Ta ce, "Mai gidan ya dawo ne?" Na ce a'a, gwaji nake yi masa. Ta dube ni, ta dubi ƙafata da na miƙe a tabarma, ta ce, "To, a yi gwaji lahiya." Ta ja labule.

Batirin lafiyarsa lau, tun waƙar farko na gane. Na dai juya ɗaya gefen, don a tabbatar.